Ɓerayen Babana

A garinmu in ciwo ya kwantar da kai, ka roƙi Allah kada maƙwabta su so ka da yawa. Ni sun so ni, kuma saura ƙiris son nasu ya raba ni da abu ɗaya tak da ya rage mini na babana.

Tanna Louwerse nake, mai lambu na goma sha bakwai a filin ƙungiya da ke bayan coci. Lambuna arba'in ne a wurin, kowanne da ɗan shingensa da 'yar rumfar kayan aiki, kuma dukkansu suna ƙarƙashin idon mutum ɗaya, shugabanmu Marinus Wisse. Awon filaye ya yi har ya yi ritaya, amma igiyar awon ba ta yi ritaya ba, kullum tana aljihun rigarsa. Sau biyu a shekara yake zagaya lambunan da littafi a hannu, mu kuwa mu tsaya a bakin ƙofa kamar 'yan makaranta ranar duba farce. Dokarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: abin da ya tsaya a layi shuka ne, abin da bai tsaya a layi ba ciyawa ce.

Ɓerayena kuwa ba su san layi ba.

Haka muke kiransu a nan lardinmu na Zeeland. Wani ɗan waken daji ne da ke yaɗo a jikin ganuwar da ta tare mana teku. Ganyensa bibbiyu, da 'yar ƙugiya a tsakaninsu wadda ke kama duk abin da ta samu ta hau. A watan Yuli yakan yi fure ja-ja mai ƙamshi, tun kana kan keke ƙamshin zai tare ka. Amma babban abin yana ƙarƙashin ƙasa. In ka haƙa, sai ka tarar da 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe a jikin saiwar, kowanne bai wuce babban yatsa ba, da siririyar jela a baya. Ka ɗora ɗaya a tafin hannu, ko kyanwa sai ta sake kallo.

Babana Krijn yankan ciyawar ganuwa ne aikinsa. Duk shekara akwai wani ɗan wuri kusa da ƙofar ruwa da yake tsallakewa da laujensa, sai kwanson waken ya bushe ya fashe sannan ya dawo masa. In kaka ta yi, ya tono mana biyar ko shida da wuƙa, ya binne a tokar wutar da yake ƙona ƙirare, ya ɓare mini ɗaya fari tas. Ɗanɗanonsa tsakanin dankali ne da gyaɗa. Kafin ya gasa yakan miƙo mini ɗanye ya ce, "Riƙe shi ta jela, Tanna, kada ya gudu." Har na yi wayo ina riƙewa da gaske.

Shekara biyar da suka wuce aka ce za a ƙara wa ganuwar tsayi. Ba wanda ya yi gardama. Mutanen da ruwa ya taɓa cin danginsu ba sa musu da ganuwa. Da safiyar ranar da motocin aikin za su iso na je wurin da babana yake tsallakewa da ƙaramin shebur, na tono sha ɗaya, na zuba a kwandon keke. Yanzu dutse ne da kwalta a wurin, daga ƙofar ruwa har inda ido ya ƙare.

Na dasa su a kusurwar lambuna ta bayan rumfa, inda rana ke kwana a jikin katako kuma ƙasar yumɓu ce marar daɗi. Ba sa son taki, in ka ba su sai su yi ta ganye su manta da fure. Na kakkafa musu ƙirare su hau. Na daka ɓawon kawa na zagaye su da shi saboda dodon-koɗi, wanda ke jiran tsiron ya leƙo ya aske shi tun daga tushe. Shekarar farko bakwai suka fito, sirara, abin tausayi. Ta biyu suka yi fure uku, na ƙirga su har sau nawa ban sani ba. Ta huɗu kuwa kusurwar ta cika ta tumbatsa, ƙudan zuma suna ta kai da komo, ni ina zaune a kan bokiti da na kifa, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Ko ɗaya ban ci ba. Na ce sai sun yi yawan da zan ci ban ji ciwo ba.

Yanzu ga laifina, gara in faɗa da bakina. Ban gaya wa kowa ba. Ko Jacomina ban gaya wa ba, ƙawata tun muna aji ɗaya, wadda lambunta ke manne da nawa. Na san mutanenmu: ka ce kana renon ciyawar ganuwa, an samu abin dariya ke nan har Kirsimeti. Saboda haka duk lokacin da Marinus ya zo zagaye ya nuna kusurwar da alƙalaminsa, sai in dafa ƙuguna in ɓata fuska.

"Shugaba, ka ga ƙugun nan ba ya barina in sunkuya."

"Hmm," yake cewa, ya rubuta wani abu ya wuce.

Ƙugun da gaske yana ciwo, amma ba shi ya hana ni sunkuyawa ba. Shekara huɗu ina fakewa da shi, har ranar da ya gaji da ni likita ya ce sai an yi aiki. Ƙarshen Agusta aka kwantar da ni. A lokacin furen ya zube, yaɗon ya bushe ya harɗe, wanda bai sani ba zai ce bola ce.

Al'adarmu ce in ɗan ƙungiya ya kwanta, ranar Asabar a yi masa gayya. Ba a tambayarsa, don in an tambaya zai ce a bari, kunya ce. Mutum goma sha biyu suka shiga lambuna. Jacomina ce ta ce musu, "Kusurwar can ce ke damunta, shekara huɗu ta kasa." Marinus da kansa ya tuɓe riga. Suka haƙa zurfin shebur biyu, suka tankaɗe ƙasar a rariyar waya don kada ko guntun saiwa ya tsira, suka kwashe komai a baro suka kai babban tarin takin ƙungiya. Suka bi da manjagara, suka ja igiya, suka dasa mini kabeji layi uku, har da ɗan kati a jikin sanda an rubuta fatan samun sauƙi.

Bayan mako uku Jacomina ta kawo ni lambun a motar ɗanta, tana ta ƙunshe dariya a hanya. Na shiga da sanduna biyu, na zagaya bayan rumfa, na tsaya. 'Yan gayyar suna bayana, su biyar ko shida, suna jiran in yi murna.

Abin da na ce ba zan maimaita duka ba. Na kira su masu hannun ɓarna. Na ce wa Marinus in an ba shi aljanna sai ya ja mata igiya ya tuge rabinta. Na ce wa Jacomina shekara sittin muna tare amma kanta bai fi na kabejin nan ba. A cikin ihun ne suka fara jin labarin ɓerayen, da babana, da ganuwar. Jacomina ta rufe baki da hannu. Fuskar Marinus ta sauya, ya sa hularsa, ya ce, "Da kin faɗa," ya juya ya tafi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini zafi.

Daga ranar na ɗauke musu gaisuwa. A coci na sauya benci. In na hango Jacomina a layin mai burodi sai in tuna ina da wani abin yi. Kabejin ya yi kyau, tsakani da Allah, na bar wa tsuntsaye. Duk da sanduna na je tarin takin na tsakura ko zan ga wani abu, amma an riga an juya shi an lulluɓe da ganyen kaka, tsayinsa ya kai ƙirjina. Da Maris ta zo aka raba takin, kowane lambu baro huɗu, na manna takarda a ƙofata cewa ba na so. Kusurwar na bar ta fili, kullum ina leƙawa ko wani abu zai tsiro. Rariyar Marinus ba ta yin kuskure, ko ɗaya bai fito ba.

Kusan wata tara ke nan, sai wata Lahadi a tsakiyar Mayu. Na dawo daga coci ko hula ban cire ba, na ji ana dukan ƙofa kamar gobara. Jacomina ce, cikin baƙar rigar coci, tana haki.

"Kada ki rufe. Ki zage ni daga baya, yanzu duba nan."

Ta warware hankicin da take ƙulle alewar da take tsotsa a coci. A tsakiya ga ɗan ɓera baƙi, da jelarsa, fartanya ta raba shi biyu, rana ta busar da shi.

Na dafa ƙofa.

"A ina?"

"A cikin albasata. Jiya. Ai kin san gobe zagaye, jiya kowa ya fito nome. Ina ta saran wata ciyawa mai ganye biyu, ban san ta ba, sai da na zo wanke fartanya na ga wannan a manne. Tanna, takin ne. Suna cikin takin, an raba wa kowa."

"Kowa?"

"Kowa ban da ke, uwar zuciya."

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Lambuna talatin da tara an kai musu ɓerayen babana har gida a baro, ni na manna takarda. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wanda zan fara.

"To ai sai mu je mu tono su!"

"Wa za ki tono? Na ce miki jiya an nome. Kowa ya aske lambunsa kamar kan jariri, abin da aka sare yana can rana ta cinye shi." Ta matso ta rage murya, ko da yake ba kowa a layin. "Sai mutum ɗaya. Jiya wuni ya yi yana auna shingen mutane, bai taɓa nasa ba. Ya ce gobe ƙarfe shida zai yi."

Ba sai ta faɗi sunan ba.

A garinmu ba a gudu ranar Lahadi, ba a hawan keke sai dole. Muka kama hanya da irin tafiyar da ba za a kira gudu ba, riƙe da hannun juna, huluna suna karkacewa, muna gaida mutane da ka ba tare da mun tsaya ba. Ƙuguna sabo ban taɓa gwada shi haka ba, ashe likitan ya iya aikinsa. Jacomina tana cewa, "A hankali, tsohuwa, matar fasto tana taga," ni ina jan ta.

Lambun Marinus shi ne na ɗaya, a bakin ƙofa. Ba a shiga lambun wani in ba ya nan, wannan ko ni ban taɓa karyawa ba. Muka tsaya a bakin shinge muka leƙa. Ƙasa baƙa, lallausa, karas a layi, albasa a layi, sandunan wake a tsaye kamar sojoji. Sai na gan su, a gefen inda zai shuka wake. Tsayin yatsa, kore mai haske, ganye biyu da ƙugiya, suna ta miƙa hannu a iska suna neman abin kamawa.

"Ɗaya, biyu, uku…" Lissafin ya kuɓuce mini. "Jacomina, ƙirga mini, idona ya cika."

"Sha tara."

"Sake."

"Sha tara ne, ko sau goma zan ƙirga."

Sha ɗaya na kawo daga ganuwa, ga sha tara. Na riƙe shingen da hannu biyu. Da na tsallaka da cokalin miya ma da na kwashe su cikin minti goma. Amma Lahadi ce. Wanda ya taɓa ƙasa ranar Lahadi a garinmu, jikokinsa ma sai an gaya musu. Abin da ya rage mini baki ne kawai, bakin da na rufe wa mutumin wata tara.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," in ji Jacomina.

"Marinus ya fi ƙofar coci tsayi."

"To sai ki durƙusa da kyau."

Na same shi a gida shi kaɗai, tun da matarsa ta rasu haka yake. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya koma ya ɗora kofi. Ya ajiye mini kofi ɗaya da biskit ɗaya, ya rufe gwangwanin.

"Shugaba, ina wuni."

"Lafiya. Ashe muryar tana nan. Na ɗauka likita ya haɗa da ita ya cire."

Na ajiye kofin. "Maganar lambunka ce ta kawo ni. Akwai wani abu da ya tsiro…"

Ya ɗaga hannu. "Yau Lahadi."

"Ai ba aiki na ce ka yi ba. Cewa zan yi kada ka yi."

"Maganar aiki aiki ce, Tanna. Shekara arba'in ban yi zancen lambu ranar Lahadi ba, ba zan fara a kanki ba. Ya ƙugun?"

"Ƙugu lafiya. Marinus, sha tara ne kawai…"

"Huɗubar yau ta yi tsawo, ko? Amma ya yi magana mai kyau a kan girman kai."

Na kalle shi, ya kalle ni, fuskarsa kamar an share ta da manjagara. Na ci biskit ɗin don kada bakina ya yi abin da ya saba. Da na tashi tafiya ya raka ni ƙofa, ya ce, "Gobe ƙarfe shida nake farawa. Ba shida da minti ɗaya ba."

Washegari biyar da rabi ina kan keke, karo na farko tun aikin. Iska daga teku tana ture ni baya, ni ina ture ta gaba, ina magana da ɓerayen a fili kamar mahaukaciya: ku jira ni, ku jira ni. Na tarar da Jacomina a bakin ƙofar filin da butar kofi a jaka. Ta ce ko ba ta iya komai ba za ta iya zama shaida.

Agogon coci yana buga shida, Marinus ya iso, fartanya a kafaɗa, bakinta yana ƙyalli. Ya buɗe ƙofarsa, ya tsaya a kan sha tara ɗin, ya dube su.

"To. Yau Litinin. Ina ji."

Na kwashe komai na faɗa masa, ganuwa, ƙofar ruwa, laujen babana, kwalta. Na ce ba su da sauran wani wuri a duniya da na sani. Na ce ya ba ni rabin awa in tono su in kwashe.

"A Mayu? Da tsiro a kansu?" Ya girgiza kai. "Ke kin fi ni sani. Ki tumɓuke sha tara yanzu, nawa za su rayu?"

Na san amsar. Rabi, in an yi sa'a. Saiwarsu doguwa ce mai saurin karyewa, ba ta son a taɓa ta sai kaka.

"To ka bar su zuwa kaka."

"Ƙarfe goma zan zagaya lambuna arba'in in rubuta wa mutane ciyawa. Da wace fuskar, in tawa tana tsaye a bakin ƙofa? Doka ba ta da ɗan gida, Tanna. Abin da ya tsaya a layi…"

"Shuka ne, mun sani, ranka ya daɗe," in ji Jacomina daga bayan shinge.

Ya sauke fartanyar daga kafaɗa. Na matsa don in shiga tsakaninsa da su, ban san me zan yi ba, ko kwanciya zan yi a kansu. Matsawar ce ta kai ni kan kunyar waken, daidai bakinta. Jiya daga gefe na gan su. Yanzu na gan su daga kai, na farko yana rufe na biyu, na biyu yana rufe na uku.

Na tsaya cak.

"Shugaba, yaya kake zuba takinka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Mutane watsawa suke yi su bi da manjagara. Kai fa?"

"Watsawa ɓarna ce. Ina jan igiya, in yi rami, in zuba a ciki, in rufe." Yana faɗa yana ɗaga haɓa, don shekara da shekaru yana wa mutane wa'azin wannan ramin ba mai ji.

"Fito da igiyar."

"Me?"

"Tana aljihunka na dama. Fito da ita ka ja."

Jacomina ta gane kafin shi. Ta ajiye butar kofin, ta kama shinge, tana ƙyaƙyata dariya ƙasa-ƙasa. Marinus ya dubi tsiron, ya dubi ramin da ya rufe a Maris, kunnuwansa suka fara yin ja. Amma mutumin nan ba a taɓa ce masa ya auna abu ya ƙi ba. Ya jingine fartanya, ya kafa turke a wannan kai, ya taka zuwa wancan, ya ja igiyar har ta yi ƙara, ya ɗaure. Ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya.

Daga bayan ganuwa tsuntsayen teku suna kuka.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kowanne yana taɓa igiyar kamar an saka shi da allura. A duk lardin nan ba lambun da ciyawa za ta fito a miƙe haka sai nasa.

"Sha takwas," ya ce.

"Sha tara ne."

"Sha takwas a layi." Ya nuna na ƙarshe, can kusa da turke. Tsiron ya kauce da faɗin tafin hannu, ya karkata wajen albasa. "Wannan ciyawa ce."

"Marinus…"

"Sha takwas shuka ne. Za a rubuta su a littafi, za a kafa musu ƙirare, tazarar taku ɗaya-ɗaya, ba irin tarkacen da kika yi a bayan rumfa ba. Ana cin su, kin ce?"

"Ana ci."

"To da kaka za a gani. Wannan kuwa doka ta hau kansa."

Ya miƙe ya nufi inda fartanyar take. Sha takwas sun tsira, ya kamata in yi shiru in gode, amma idona yana kan ɗan karkataccen nan, ina jin kamar ni za a sara. Marinus ya wuce fartanyar, ya shiga rumfarsa, ya fito da dogon shebur siriri. Ya kafa shi nesa da tsiron, ya taka, ya zagaya gefe huɗu, a hankali, zurfin shebur biyu kamar yadda ya yi a lambuna. Ya ɗago ƙasar dunƙule guda ba ta fashe ba. A gefenta ga baƙin ɓera ya leƙo, da jelarsa a waje.

Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ungo. Ba ya jin magana, ba ya tsayawa inda aka ce. Kai shi lamba sha bakwai, can ne gidansu."

Na karɓa. Ƙasar tana da sanyi da nauyi, 'yar ƙugiyar tana lilo, kafin in ankara ta kama maɓallin rigata. Na ga hannuwansa, manya, sun faffashe. Shekararsa saba'in da huɗu. A Agusta da su ya tankaɗe mini kusurwa guda a rariya.

"Awa nawa ka yi ranar nan?" na tambaye shi.

"Wace rana?"

"Ranar gayya."

Ya sunkuya yana kwance igiyarsa. "Biyar. Kwana uku ban iya ɗaura takalmi ba."

"Sannu da aiki, Marinus. Na gode."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗe igiyar a hannunsa, ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa.

"Kin makara da wata tara," ya ce. "Je ki dasa shi kafin rana ta yi. Kuma ƙarfe goma zan zo, zan rubuta miki shi ciyawa."

"Rubuta da manyan baƙi."

Jacomina ta riga ni zuwa ta buɗe ƙofar lambuna, tana share ido da hankicin alewa, tana cewa kofi ya huce saboda wasu tsofaffi biyu marasa kunya. Na bi tsakanin shingaye a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙasar. Sai da na kai bayan rumfa na lura ɗaya hannun ya riƙe jelar gam tun daga lambun Marinus.